Likkafani Mai Gidaje Ɗari da Sha Takwas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare Shi muke, ga kuma Kawu ya riga mu komawa. Ranar Talata bayan azahar Allah ya karɓi abinsa a gidansa na Ƙanƙara, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ni ina Sabuwa, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Sai washegari da hantsi na sami motar da direbanta ya yarda ya biyo hanya. Ban ga fuskarsa ba, wannan na haƙura da ita. Abin da na tarar a gidan ne na kasa haƙura da shi, shi ne ma ya sa na ɗauki biro.

Na zauna zaman makoki ba ɗaya ba, ba biyu ba, na san yadda ake gaisuwa. A ce ya haƙuri, a ce Allah ya jiƙansa, wata ta ƙara da cewa mutumin kirki ne. To a gidan Kawu ba haka na ji ba. Tun daga soro na lura maza sun yi ƙaranci, tabarmi biyu babu kowa a kai. Cikin gida kuwa mata sun cika, amma kowace da ƙawarta take ƙus-ƙus, ina shigowa aka yi tsit. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta kama hannuna ta ce, "Allah dai shi yafe mishi, ɗiyata. Abin da munka sani da wanda ba mu sani ba." Ta ja ƙarshen maganar yadda ko kurma zai gane akwai wani abu. Wata daga baya ta ce, a hankali wai don kada in ji, "Ashe shi ya sa yake bin hanyar Faskari da babur shekara da shekaru ba a taɓa tare shi ba."

Na juya na dube ta. Ni ba a san ni da haɗiye magana ba, duk dangi sun shaida. Da ba gidan rasuwa ba ne, wallahi da ta ji abin da bai yi mata daɗi ba.

Inna, matar Kawu, ita ta jawo ni ɗaki ta sakaya ƙofa. Abin da na fara gani hannuwanta ne, sun yi baƙi-baƙi da shuɗi har wuyan hannu. Ta ce da aka zo haɗa shi, sai aka ce ta ɗauko likkafaninsa. Kowa ya san yana da shi. Shekara goma sha biyu ke nan da shi da yayansa suka je aikin hajji, kowannensu ya sayo farin yadi, ya tsoma a ruwan zamzam, ya shanya, ya naɗo. Ta buɗe akwati ta miƙa wa masu wanka ba tare da ta warware ba. Su tsofaffin ne suka warware, sai ga yadi duk an zane shi gida-gida, kowane gida da harafi da lamba a ciki. Babbansu ya yi salati ya ce hatimi ne, irin wanda malaman tsibbu ke zanawa, shi dai bai taɓa ganin mai girman wannan ba.

"Na karɓe na sa a baho," in ji Inna. "Na ce ko zai fita a rufa mai asiri. Na cuɗa, na cuɗa, sai damewa yake. Lokaci na tafiya, aka aika kasuwa aka yanko wani yadi. Malam da ya ajiye na zamzam shekara sha biyu, da yadin kasuwa aka kai shi."

Ta ce Kawu Alhaji, wato yayan marigayin, ya iso daga 'Yankara da sassafe, ya ji labari, ya karɓi yadin ya kulle a turakar mamacin. Ya rantse gobe Alhamis, kafin a yi addu'ar uku, zai ƙone shi, ko Allah ya sa a sassauta wa ƙanensa a kabari.

Duk duniyar nan ni kaɗai na san mene ne a jikin yadin nan, don ni na riƙe masa rula.

Bari in faɗi ko wane ne Kawu, don masu tasowa da za su ji sunansa a bakin mutane.

Yayan mahaifiyata ne. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da kemistiri a makarantun sakandare, daga Faskari zuwa Sabuwa zuwa wajen Ruwan Godiya. Dogo ne siriri, aljihunsa kullum fari fat da garin alli, Inna ta yi mita har ta gaji. A yawancin inda ya koyar babu ɗakin gwaje-gwaje, ko kuma akwai ɗakin babu komai a ciki sai jemagu. Shi bai taɓa zama jiran a kawo ba. Madafin Inna ne ɗakin gwajinsa. Gishiri, kanwa, toka, lemun tsami, zoɓo, duk sun sha tafiya makaranta a jakarsa. Sau nawa Inna za ta ɗora tukunya ta nemi kanwa ta rasa, ta ɗaga murya, "Malam! Kanwata kuma ta tafi karatu?" Sai ya ce, "Ta kusa gamawa, bana za ta fita."

Yakan ce duniyar nan duk faɗinta, da kayan miya ɗari da 'yan kai Allah ya haɗa ta. Su ne sinadarai na asali, waɗanda ko ka daka, ko ka ƙona, ko ka narka, ba za su zama wani abu da ya fi su sauƙi ba. Ƙarfe ƙarfe ne, zinariya zinariya ce. Sauran abubuwa duk haɗi ne. Haɗin ma kashi biyu yake raba shi. Akwai zaman kasuwa, kamar gero da tsakuwa, kowa na nan da halinsa, mai rairaya za ta raba su. Akwai kuma aure. Sai ya ɗebo gishiri a tafin hannu ya ce, "Kun ga wannan? Ubansa sodiyam, ƙarfe ne mai zafin kai, ka jefa shi a ruwa ya kama tartsatsi. Uwarsa kulorin, iska ce mai kisa. Aka ɗaura masu aure, kowa ya bar halinsa, sunka zama abin da ba a miya sai da shi." Sai ya rubuta NaCl a allo, ya ce ga takardar shaidar auren nan.

Fomula kuwa, cewa yake ƙidayar mutanen gida ce. H₂O, haidurojin biyu, oksijin ɗaya, gidan ruwa ke nan. In ka tambaye shi me ya sa biyu da ɗaya, sai ya kira yara uku gaban aji. Ɗaya ya miƙa hannu biyu, shi ne oksijin. Sauran biyun kowa ya ɓoye hannu ɗaya a baya, su ne haidurojin. "Mai hannu biyu, mutum nawa zai riƙe?" Har yau in na ga ruwa a randa yaran nan uku nake tunawa.

Ya zuba ruwan kanwa a jan zoɓo ya koma baƙi-baƙi kore, ya matsa lemun tsami ya dawo ja. Tun a lokacin mutane ke ce masa mai siddabaru, ana dariya, shi ma yana dariya. Wa ya san wasan nan ne zai dawo ya ci shi bayan ba ya da bakin kare kansa?

Ni kaina da ban san darajar abin ba sai da na haihu. Haihuwar fari na zo wankan gida wurin mahaifiyata a nan Ƙanƙara, ana tsakiyar sanyi. Ta cika kasko da gawayi ta sa mini a ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, har ta cusa tsumma a kafar ƙofa don kada iska ta taɓa mai jego. Kwana biyu kaina na sarawa, jinjirar sai barci, ko nono ba ta son kamawa. Aka ce ai jego ne. Da hantsi Kawu ya zo barka. Ya tsaya tsakar gida ya ga ɗaki a toshe, ya tambaya me ke ciki, aka ce gawayi. Ko sallama bai sake yi ba. Ya banke ƙofa, ya naɗe hannu da babbar rigarsa ya sunkuci kaskon ya watsar a tsakar gida, ya dawo ya doke taga.

Mahaifiyata ta yi tsalle ta dire. "Haba Yaya! Ɗakin mai jego? Ina ka taɓa ganin an yi haka? Mu da haka aka yi mana, mun mutu ne?"

"Waɗanda sunka mutu ba su nan balle su ba ki amsa," in ji shi.

Wata biyu ba ta gaishe shi ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Da na sami sauƙi ya zauna a bakin ƙofata, ya ɗauki guntun gawayin nan ya rubuta a daɓe, CO₂, a gefensa kuma CO. Ya ce na farkon shi nake fitarwa duk numfashi. Na biyun, oksijin ɗaya kawai aka rage, shi gawayi ke bayarwa in an hana shi iska, ba shi da wari ba shi da launi, mutum na barci zai wuce. "Ɗaya ba wasa ba ce," ya ce. "Ki riƙa ƙidaya." Jinjirar nan yanzu tana aji biyar a sakandare.

Bayan ya yi ritaya bai zauna ba. Ya ci gaba da hawa babur zuwa wata makarantar ƙauye da ba ta da malamin kimiyya, ba ko sisi. Sai abin nan da ya same mu ya same mu. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san yadda gona ta gagari mai ita, ya san yadda ake kwana da takalmi a kusa. Aka rufe makarantar, ƙauyen ya watse, wasu iyalan suka gangaro Ƙanƙara suka raɓe a gidajen dangi. Kawu ya bi gida-gida ya tattaro ɗalibansa da ya samu, su goma sha huɗu, yawancinsu mata, duk masu shirin jarrabawar fita. Ya mai da zaurensa aji.

Abin da ya fi ci masa rai jadawalin sinadarai ne, babban nan mai gidaje ɗari da sha takwas, wanda ya manna a bangon ajin can. Da aka gudu, a bango aka bar shi.

Hutun da ya wuce na zo gaishe shi, ya aike ni in sayo masa maka, alƙalamin zanen nan, baƙa da shuɗiya, da doguwar rula. Na kawo, ya shigar da ni turakarsa ya rufe ƙofa, ya buɗe akwati. Da na ga abin da ya ɗauko na ce, "Kawu, lafiya? Wannan ai likkafaninka ne."

"Na san ko mine ne, ni na saye shi. Shekara sha biyu yana kwance ba ya aikin komi."

"To a sayo wani yadin mana. Ko kwali."

"Kwali ruwa ya taɓa shi ya gama. Bango kuma ba ya gudu. Ina son abin da in an ce ku tashi, yarinya za ta naɗe ta ɗaura a ƙugu. Kuɗin wani yadin kuwa, ki ga yaran can, akwai wadda ba ta karya ba ta zo."

A nan ne na yi masa rashin kunyar da har in mutu ba zan daina jin ciwonta ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka bari. Mutane na gudun ceton rai kai kana zancen sodiyam? Wa kemistiri ya taɓa tsarewa a hanyar nan? Su ci jarrabawar su je ina?"

Ya ci gaba da warware yadin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Waɗanda sunka kore mu daga makaranta so suke mu yarda ba ta da amfani. Ke ga shi har kin yarda, kuma ke malama ce." Ya shimfiɗa yadin a kan tabarma. "Gawa ba ta san da mi aka naɗe ta ba. Riƙe man nan."

Na riƙe. Kwana huɗu muna yi. Ƙyalle uku ne. Na farko ya zana jadawalin, gida-gida, kowane sinadari da alamarsa da lambarsa. Na biyu ya jera fomulolin abubuwan da yara suka sani, ruwa, gishiri, farar ƙasa, takin yuriya. Na uku ya fara rubuta hannuwan kowane sinadari, wa ke da ɗaya, wa ke da biyu, bai gama ba hutuna ya ƙare. Ya ce kada in gaya wa Inna, za ta tayar da hankalinta. Shi zai lallashe ta da kansa ranar da zai rataya shi a zaure. Ranar ba ta zo ba.

To kun ji abin da aka kira hatimi.

A ranar Larabar nan na faɗa wa matan da ke tsakar gida gaskiyar magana. Suka gyaɗa kai irin na jeki dai. Tsohuwar nan ta ce, "Ai dole ki faɗi haka, kawunki ne. Allah shi yi maki albarka da rufin asiri." Kafin la'asar na ji abin da ya ƙarasa karya ni. Iyayen ɗaliban sun ce ko an sami wani malamin, ɗiyansu ba za su sake taka zauren nan ba, wa ya san abin da aka binne a ciki. Saura mako bakwai jarrabawa. In aka ƙone yadin nan, shi ke nan, babu sauran shaida. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa ɗiyan mutane ƙidaya zai tabbata matsubbaci a bakin gari, kuma aikin da ya ba da likkafaninsa dominsa ya bi hayaƙi.

Na aika a yi mini iso wurin Kawu Alhaji. Shi manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, bai yi boko ba, mutum ne mai tsoron Allah da taurin kai daidai wa daida. Tun da hanya ta lalace ba ya fita ko nan da can sai da wata tsohuwar jakar fata a rataye, kowa ya san nasa likkafanin ne a ciki, yakan ce bai san inda za a tsince shi ba. Ya shigo soron ciki, na durƙusa na fara magana. Bai bari na kai ko'ina ba.

"Ke, wanga ba zancen mata ba ne. Na gani da idona. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kin fi ni son shi? Rufa mai asiri za ni yi."

"Kawu Alhaji, karatu ne wallahi, a kira duk wani ɗan sakandare ya duba."

"In ƙara tara mai jama'a? Waɗanda sunka gani ma sun isa." Ya kaɗe riga ya fita.

Ban san yadda na ga wayewar garin Alhamis ba. Da sassafe aka hura wuta a bayan gida don abincin sadaka. Ina tsaye wurin na hango Kawu Alhaji ya fito daga turaka da yadin a dunƙule a hammata, ya nufo murhu. Mata suka dare. Ni kuwa na manta da kunya, na manta da girma, na sha gabansa na zube a ƙasa na riƙe ƙafarsa.

"Sai dai ka haɗa da ni. Wallahi Kawu sai dai ka haɗa da ni."

"Sake ni, ɗiyar nan! Kin haukace?"

"Na haukace. Ka buɗe sau ɗaya tak. In ban nuna maka abin da ka sani a ciki ba, ni da hannuna zan sa shi a wuta."

Ko don ya rabu da ni ne, oho, ya warware na farkon ya yarfa a kan igiyar shanya. Wankin Inna ya dame rabin ƙasa gaba ɗaya, sai layukan sama ne ake iya gani. Na fara karantowa ina nunawa, haidurojin, hiliyam, litiyam. Ya daka mini tsawa. "To mi ya raba wanga da surkulle? Su ma haka suke jero sunayen da ba wanda ya sani."

Gaskiyarsa. A kunnensa ban faɗi komai ba. Na tsaya ina rarraba ido, hawaye na zuba, wuta na ci a bayana. Sai idona ya sauka kan abin da tsohuwar nan maƙwabciya ke zaune a kai. Tsohon buhun takin zamani ne. Ban san lokacin da na ce mata "Iya ɗaga" na fizge shi ba, saura kaɗan ta kifa.

Na shimfiɗa buhun kusa da yadin. "Kawu Alhaji, wannan fa, ka san shi?"

"Yo ni za ki tambaya buhun taki?"

"Waɗannan manyan haruffan uku, ka san su?"

"Ban iya karanta su ba, amma ko cikin barci na san zanensu. In babu su ba ni saye."

Na kama yatsansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ɗora a kan harafin farko na buhun, sannan na kai shi gida na bakwai a jikin yadin. N. Na mayar da shi kan na biyu, na kai shi gida na sha biyar. P. Na uku, gida na sha tara. K. Na ce, "Naitirojin, shi ke sa ganyen masararka ya yi kore. Wannan na saiwa ne. Wannan na ƙarfin kara da cikar ƙwaya. Abin da kake zuba wa gonarka duk damina ke nan. In hatimi ne, to shekara nawa kana ɗaukar hatimi a ka kana kai wa gona?"

Ya janye hannunsa daga nawa, ya sake bi da kansa, daga buhu zuwa yadi, daga yadi zuwa buhu, har sau uku. Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar itace a wuta.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake, "Wata shekara na sayo yuriya buhu biyu. Ya ɗebi na farko ya zuba a kofin ruwa, ya ce in taɓa. Kofin ya yi sanyi ƙarara, ya ce wanga na gaske ne. Na biyun ya zuba, yashi ya kwanta a ƙasa. Na ce mai kai dai da siddabarunka." "To don mi zai yi a likkafani? Yadi ya ƙare a duniya?"

Na faɗa masa duka. Bangon da ba ya gudu, yarinyar da za ta ɗaura a ƙugu, da cewa gawa ba ta san da me aka naɗe ta ba. Inna na bakin ƙofa tana ji, ta dubi hannuwanta ta fashe da kuka, tana cewa ita ta ɓata masa aiki. Kawu Alhaji ya dafa igiyar shanyar. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da aka taru addu'a, shi da kansa ya fita da yadin da buhun. Ina daga bayan ƙofar soro ina ji. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga hatimin ƙanena." Wani malamin asibiti da ke cikin masu gaisuwa ya tashi ya duba, ya ce shi ma a hannun marigayin ya haddace wannan. Ba zan yi ƙarya in ce duk gari ya yarda ba. Magana in ta fita ta fita, har yau akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Amma zuwa Asabar ɗalibai tara sun dawo zaure, ni kuma na nemi izinin maigidana da na wurin aiki in zauna har a gama jarrabawar. Ilimina bai kai rabin nasa ba, kullum sai na yi bitar abin da zan koyar ina kuka.

Ranar Lahadi Kawu Alhaji ya yi shirin komawa 'Yankara. Mai babur na jiransa a ƙofar gida. Ya leƙo zaure ya same ni na rataya yadin, ina ƙoƙarin bin gidajen da suka dame da maka, abin sai ƙara cakuɗewa yake. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Na bayan aji za su ga wanga?"

"Ba za su gani ba, Kawu. Rabinsa ya tafi."

Ya sauke jakar fatar nan daga kafaɗarsa, ya zuge, ya fito da farin yadi a naɗe, fari tas, irin wancan sak. Ya ajiye mini a kan tabarma.

"Sake zanawa. Ki yi manya-manya."

Na ce, "Kawu Alhaji, naka ne fa. Ga hanyar da za ka bi."

"Na san hanyar, na riga ki saninta." Ya rataya jakar, ta lafe a jikinsa ba komai a ciki. "Yadin kasuwa ya ishe shi, ni ma ya ishe ni."

Na bi shi har ƙofar gida. Ya hau bayan babur ya ce a gaida yara, suka ɗauki hanyar Faskari, ina tsaye har na daina jin ƙarar injin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Wanda ya faɗi mugun abu a kansa bisa rashin sani, Allah ya yafe masa, ni dai ina kan ƙoƙari. Ya Allah ka tsare mana wanda ya saura a kan hanyar nan.

Na koma zaure na shimfiɗa yadin. Sai da na ɗora rula na tuna aikin na mutum biyu ne. Na ɗaga kai, sai ga Inna a bakin ƙofa cikin kayan takaba, shuɗin nan bai gama fita daga hannunta ba. Ta durƙusa a ɗaya gefen ta danne rular.

"Ina ne gida na ɗaya?" ta ce.